Yadda Kirista zai ba da shaidar bangaskiyarsa a Damagaram

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. Mazaunin Damagaram ba ya bukatar takarda ta gaya masa haka. Mai gidan da kake haya Musulmi ne, haka ɗan kabu-kabun da ke kai ka aiki, da malamin 'ya'yanka a lakwal, da matar da kake sayen ƙosai a wurinta da safe. Duk da haka bishara ba jiya ta iso garin nan ba. A 1924 ne 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a ƙasar Nijar, kuma a nan Zinder, wato Damagaram, suka fara sauka, tun garin yana hedikwatar mulkin Faransawa, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, amma har yau mutane da yawa a unguwannin Birni da Zango suna ɗaukar Kiristanci addinin baƙi ne: na Nasara, na 'yan Benin da Togo, na 'yan kudancin Najeriya masu shaguna.

Akwai kuma abin da babu wanda ya manta. A Satumban 2012 an farfasa majami'ar Katolika ta garin nan. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, iyalai da dama suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kama Yamai. A cikin waɗannan ranakun kuma akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Waɗanda suka yi haka sun yi ne don sun san mutanen, sun ci abinci da su, sun je sunan 'ya'yansu.

Na rubuta wannan jagora ne don ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke son bin umarnin Ubangiji na yin shaida, ba tare da ya ɓoye abin da ya gaskata ba, ba kuma tare da ya jawo wa kansa, ko ikilisiya, ko wanda yake magana da shi wahalar da ba ta zama dole ba. Ra'ayina a fili yake. A garin nan shaida amsa ce ga tambaya, kuma babu mai tambayarka abin da ke zuciyarka sai wanda ya riga ya saba da kai.

Mataki na farko: ka zama maƙwabcin da aka sani

Wannan matakin ya fi sauran tsawo, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kirista da yawa a nan rayuwarsu ba ta wuce gida, wurin aiki da majami'a. Suna shiga su rufe ƙofa. Bayan 2015 ba zan ga laifin mai tsoro ba, amma ƙofar da ke rufe kullum ita ke sa a riƙa ƙirƙira labarin abin da ake yi a bayanta.

Fara da gaisuwa, cikakkiya, ba ɗaga hannu daga kan babur ba. Ka tsaya wurin dattawan da ke zaune a ƙofar gida bayan la'asar, ka rage tsawo, ka ce, "Baba, ina wuni? Ya iyali? Ya zafi?" Idan sabon zuwa ne kai, ka nemi wani ya kai ka wurin mai unguwa ka gabatar da kanka, ka faɗi aikinka, ka faɗi cewa kai Kirista ne. Gara ya ji daga bakinka da ya ji a bakin wani.

Zumunta a ƙafa take. Idan an yi rasuwa a layinku, ka je. Ka cire takalmi, ka zauna a tabarma tare da maza, ka ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ku haƙurin rashi." Idan aka ɗaga hannu ana fatiha, ka natsu, ka yi taka addu'ar a zuci domin mutanen gidan da marayun da aka bari. Babu wanda zai tilasta maka furta abin da ba ka gaskata ba, amma kowa zai lura ka zo. Ka koma ranar sadakar uku. Suna ma haka, da sassafe ake yi, ka je ka karɓi goronka da dabino. 'Yar'uwa kuma ta shiga cikin gida wurin mata, ta kai gudummawarta ta biki, ta shiga adashin unguwa idan an gayyace ta, ta riƙa zubi a kan lokaci.

Sai batun ruwa, wanda duk ɗan Damagaram ya san zafinsa. Daga Maris zuwa Mayu famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, kuɗin jarka a wurin 'yan garuwa ya haura. Idan naka famfon ya kawo da ƙarfe uku na dare, ka cika randunanka, sannan ka fita ka buga ƙofar maƙwabcinka: "Malam, a yi haƙuri da tashin dare, ruwa ya zo, a turo yara da jarkoki." Ka bar ƙofa a buɗe, ka riƙe musu fitila har su gama. Tsohuwar da ba ta da mai ɗauko mata, ka sa yaronka ya kai mata jarka biyu.

A nan dole in ja kunne. Kada ka yi wannan don ka samu hanyar wa'azi. Mutanen garin nan sun iya gane alherin da aka ɗaura wa ƙugiya, kuma ranar da suka gane, ka rasa su ke nan. Ka yi domin an umarce ka ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka (Matiyu 22:39), ka kuma nemi lafiyar garin da kake zaune (Irmiya 29:7). Ko da mutumin bai taɓa tambayarka komai game da Almasihu ba har ka bar unguwar, ruwan da ka ba shi bai ɓaci ba.

Abinci ma yana magana. Ranar Kirsimeti ka kai wa maƙwabta tuwo ko shinkafa, amma ka sa mahauci Musulmi ya yanka dabbar, ka kuma gaya musu haka domin su ci da kwanciyar rai. Naman layya da za a aiko maka, 'yan'uwa sun sha bamban a kansa. Ni dai ina ganin a karɓa da hannu biyu a yi godiya, wanda lamirinsa bai ba shi ya ci ba ya ba mabukaci, amma kada a mayar da kwano da abin da ke ciki. A watan azumi kada ka tsaya a bakin titi kana shan ruwan sanyi a gaban masu ƙishi. Giya da naman alade kuwa, ko me kake gani game da 'yancinka, ka sani cewa a idon unguwa su ne hujjar farko cewa Kirista ba shi da tsarki. Bulus ya ce gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe (1 Korintiyawa 8:13). Haka batun sutura, ga maza da mata.

Mataki na biyu: ka san wanda ke gabanka

Musulmin Damagaram ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗan Tijjaniyya mai wazifa da zikirin Juma'a, akwai ɗan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu har nan, wanda zai nemi aya da hujja a kan kowace magana. Akwai ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke karanta muhawarar addini a waya da Faransanci, akwai saurayin unguwar Kara-Kara da ya gama lakwal ko ya bari, ba aiki, zuciyarsa na kan hanyar Agadas da Libiya. Akwai uwar da damuwarta ita ce ɗanta ba ya barci, tana zargin sammu ko kambun baka. Idan ka ɗauko jawabi ɗaya ka karanta wa dukansu, babu wanda ka yi wa magana.

Don haka ka yi tambaya, ka yi shiru. "Yaya kuke fahimtar gafarar Allah?" "Me ke ba ka ƙarfi idan abu ya yi tsanani?" Kada ka gaya wa Musulmi abin da ya gaskata, bar shi ya gaya maka. Yakubu ya ce kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana (Yakubu 1:19). Za ka tarar akwai abubuwa da yawa da ba sai an yi gardama a kansu ba: Allah ɗaya ne Mahalicci, akwai ranar shari'a, Ibrahim da Musa da Dauda bayin Allah ne, an haifi Almasihu daga budurwa Maryamu, ya warkar da makafi da kutare, ya ta da matattu. Alƙur'ani ya ambaci waɗannan a Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam. Sanin haka zai hana ka ɓata lokaci kana kare abin da ba a musa ba. Amma kada ka mai da kanka malamin tafsiri, kana fassara musu littafinsu yadda ya yi maka daɗi. Ba za ka so a yi wa naka haka ba.

Mataki na uku: ka shirya tun ba a tambaye ka ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne harshe. A wasu majami'unmu da Faransanci ake wa'azi da waƙa, har matasa da yawa ba su iya faɗin bangaskiyarsu da Hausa ba, alhali Hausa ce harshen kasuwar Dole da na fada, kuma tun 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi a 1979, yau kuma ana samunsa a waya, na karantawa da na saurare. Ka riƙa karatun safiyarka da Hausa, ka riƙa addu'a da Hausa da ƙarfi har bakinka ya saba.

Na biyu, ka haddace labarai, ba ayoyi tsirara kaɗai ba. Mutanenmu masu son labari ne. Biyar ko shida sun isa a fara: ɗan da ya ɓace ya komo gida (Luka 15), Basamariye mai tausayi (Luka 10), Bafarisiye da mai karɓar haraji a Haikali (Luka 18), yadda Yesu ya tsawata wa hadari ya kuma 'yantar da mai aljanu (Markus 4 da 5), Yusufu da 'yan'uwansa (Farawa 37 zuwa 50), Ibrahim da ragon da Allah ya tanada (Farawa 22). Ka gwada ba da su ga matarka ko abokinka ba tare da duba littafi ba, kowane a cikin minti uku ko huɗu, ba ƙari ba ragi.

Na uku, labarinka. Me Almasihu ya yi maka? Ka faɗe shi gajere, da gaskiya, ba ƙarin gishiri. Idan a gidan Kirista aka haife ka, kada ka ƙirƙiro wani mugun tarihi don labarin ya yi armashi. Ka faɗi ranar da tsoro ya sake ka, ko yadda ka iya yafe wa wanda ya cuce ka. Ka bar maganganun da sai 'yan majami'a ke ganewa.

Littafin kansa ka riƙe shi da daraja. Kada ka ajiye shi a ƙasa, kada ka sa shi a aljihun baya, kada ka kawo wanda ka cika da zane-zanen biro. Maƙwabcinka ba ya taɓa Alƙur'ani sai da alwala, yana kuma auna girman littafinka da yadda ka riƙe shi. Sannan fastonka ko wani dattijon ikilisiya ya san da wa kake tattaunawa, domin addu'a da shawara.

Mataki na huɗu: zaman fada

A fada, wato majalisar hira ta samari da abokai a unguwa, ake yin hira ta gaske a garin nan. Bayan isha'i an shimfiɗa tabarma, gawayi ya kama, butar shayi na kan wuta, ƙarami a cikinku yana ta juya shi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Ana maganar ƙwallo, da kokowa, da tsadar buhun hatsi. Ka zauna a ciki a matsayin ɗan fada, ka riƙa kawo naka kuɗin sukari. Idan an kira salla suka tashi, ka tsare musu wayoyi da shayin. Makonni za su wuce ba a taɓo addini ba, kada ka ƙosa.

Wata rana wani zai ce, "Wai ku ma kuna azumi?" ko "Na ga lokacin da aka sace maka babur ba ka je wurin boka ba, me ka dogara da shi?" Wannan ita ce ƙofar. Ka amsa abin da aka tambaya, daidai gwargwadonsa. Idan an tambaye ka azumi, ka faɗi yadda kuke yi da abin da Yesu ya koyar a Matiyu 6, ka tsaya nan. Kada tambayar minti ɗaya ta zama wa'azin awa guda. Idan suna son ƙari za su nema, in ba yau ba, gobe. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga duk mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Ka lura da bambancin taro da mutum ɗaya. A gaban abokansa kowa yana kare mutuncinsa, ba zai ce "ban sani ba" ko "wannan ya taɓa ni" ba. Idan hira ta fara zafi, muryoyi suka tashi, mutanen da ba ka sani ba suka fara matsowa, ka sauke ta da kanka: "'Yan'uwa, maganar Allah ta fi ƙarfin a yi ta da hayaniya. Mu bar ta nan, zumuncinmu ya fi." Ba gudu ba ne. Wanda tambayar ta dame shi da gaske zai same ka kai kaɗai, wataƙila ya raka ka gida a daren.

Idan abokinka ya kawo maka damuwa, rashin lafiyar ɗa ko rashin aiki, ka nemi izini: "Ka yarda in yi maka addu'a? Da sunan Yesu Almasihu nake roƙo." Ka faɗi haka tun farko don kada ya ji an yaudare shi. Da yawa za su ce to. Ka yi ta gajere, ka ambaci sunan yaron, kada ka yi alkawarin abin da Allah bai yi maka alkawari ba. Bayan kwana biyu ka je ka duba jikin yaron, idan kuma asibiti ake bukata ka taimaka a kai shi.

Su ma za su gayyace ka. Wani dattijo zai ce, "Yaro, halinka na Musulmi ne, saura ka yi shahada." Kada ka ji haushi, ƙauna ce ta sa ya faɗa, yana so maka abin da yake gani shi ne mafi alheri. Ka ce, "Na gode, Baba, na san don kana ƙaunata ne. Ni na ba da raina ga Almasihu, a wurinsa na sami gafara." Kai ma abin da kake yi ke nan, don haka ka ba shi irin kunnen da kake so ya ba ka.

Mataki na biyar: tambayoyin da ba makawa sai sun zo

"Allah uku kuke bauta wa?" Ka ce a'a, ka kuma nuna masa daga bakin Yesu kansa: Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne (Markus 12:29). Wasu suna zaton muna nufin Allah da Maryamu da Yesu, ka gaya musu babu ikilisiyar da ke koyar da haka. Mun gaskata Allah ɗaya ne, wanda ya bayyana kansa Uba, da Kalmarsa madawwami, da Ruhunsa. Ina ba da shawara a bar misalan ƙwai da na ruwa da ƙanƙara, suna rage Allah, kuma mai kaifin hankali zai rushe su nan take. Gara ka ce zatin Allah ya fi ƙarfin hankalinka, abin da ya bayyana kake riƙe da shi.

"Yaya Allah zai haifi ɗa?" Ka gane abin da ke ƙona masa rai: yana jin kamar an ce Allah ya yi aure. Yana karanta Ƙulhuwallahu kullum. Ka ce masa wannan tunanin saɓo ne a wurinka kai ma. Ka karanta masa Luka 1:26-35, maganar mala'ika Jibra'ilu da Maryamu, sannan Yohanna 1:1-14, inda aka ce Kalman yana tare da Allah tun fil'azal, ya kuma zama mutum. Amma kada ka sassauta har ka bar shi da zaton cewa a wurinka Yesu annabi ne kawai. Ka faɗi gaskiya cewa kana yi masa sujada a matsayin Ubangiji, ko da hakan zai yi masa nauyi. Bulus ya ce mun rabu da ɓoye-ɓoye da wayo (2 Korintiyawa 4:2).

"An canza Linjila." Ka tambaya a hankali: yaushe, kuma wa ya canza? Sannan ka faɗi abin da ke akwai. Akwai kwafe-kwafen Littafi Mai Tsarki da Helenanci da aka rubuta da hannu tun ƙarni na 4, wato kusan shekara 300 kafin hijira ta 622. Ɗaya, wanda aka samo a gidan ibada na Dutsen Sina'i, mafi yawansa yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, wani kwafin dabam kuma yana Batikan. Daga 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan bakin Tekun Gishiri, cikinsu har da littafin Ishaya da aka kwafa tun kafin haihuwar Almasihu. Daga irin waɗannan ake fassara wanda ke hannunmu. Kada kuma ka ce babu bambanci ko ɗaya tsakanin kwafe-kwafen. Akwai, kamar ƙarshen Markus 16 da farkon Yohanna 8, kuma masu fassara da yawa sun rubuta hakan a gindin shafi. Gara ya ji daga gare ka da ya gani a TikTok ya ce ka ɓoye masa.

"Ba a gicciye shi ba." Suratun Nisa'i aya ta 157 yake nufi. A nan hanya ta rabu, ka amince da haka a fili. Abin da ke ransa shi ne Allah ba zai bari a wulaƙanta manzonsa ba. Ka nuna masa cewa Yesu da kansa ya faɗi mutuwarsa da tashinsa tun kafin su faru (Markus 8:31), ya kuma ce babu mai ƙwace ransa, shi ke ba da shi (Yohanna 10:18). Labarin ragon Ibrahim yana taimakawa a nan, don kowa a garin nan ya san ma'anar fansa, sai ka kai shi ga maganar Yahaya Mai Baftisma a Yohanna 1:29.

"Me kake cewa game da Annabi Muhammadu?" Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace haɗari, wani lokaci da zuciya ɗaya ake yinta, wani lokaci tarko ne, waya na ɗauka a aljihu. Baki shi ke yanka wuya. Kada ka yi zagi, ko da wasa, ko da an zagi naka. Kada kuma ka furta abin da ba ka gaskata ba don a bar ka. Ka ce, "Na san matsayinsa a zuciyarka, ba zan faɗi abin da zai ɓata maka rai ba. Ni mai bin Almasihu ne, game da shi nake da abin faɗa." Idan an matsa, ka maimaita, ka yi sallama.

Duk tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce sai ka bincika, ka kuma dawo da amsar.

Mataki na shida: waya

Yawancin muhawarar addini yanzu a WhatsApp da Facebook da TikTok ake yinta, kuma a nan ne 'yan'uwa suka fi yin ganganci. Saƙon murya da ka tura wa mutum ɗaya ana iya yanke shi, a cire farkonsa da ƙarshensa, kafin magariba ya zaga Zinder, Mirya da Magarya. Magana zarar bunu ce. Kada ka faɗi a waya abin da ba za ka iya maimaitawa a ƙofar fadar Sarki ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a.

Kada ka tura bidiyon masu muhawara da ke kushe Musulunci, ko daga Najeriya suka fito ko daga Turai. Mai yin bidiyon yana can nesa, kai da 'ya'yanka ne a unguwa. Haka bidiyon masu wa'azin "ka shuka kuɗi ka girbi mota", sun zubar mana da mutunci ƙwarai a idon masu hankali. Kada ka sa mutum a rukunin WhatsApp na Kirista ba da izininsa ba, don kowa a rukunin zai ga lambarsa. Kafin ka tura wa wani aya ko sautin Linjila, ka tambaye shi, ka kuma tuna cewa waya ɗaya mutum uku ke taɓa ta a gida. Wanda ya nema, ka nuna masa yadda zai sauke da kansa, ko ka ba shi a katin waya ya saurara da abin kunne. Luka ya fi sauƙin farawa, don ya buɗe da Zakariya da Yahaya da Maryamu, sunayen da ya riga ya sani.

Shafinka ma shaida ne. Wanda ya ji ka kana maganar tsarki a fada zai je ya duba hotunan da kake sakawa da irin amsar da kake ba wanda ya tsokane ka.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Ba a koya wa yaron wani addini a bayan idon iyayensa, ko almajiri ne da ke zuwa karɓar saura a ƙofarka. Ka ba shi abinci, ka wanke masa ciwo, ka tsaya nan. Namiji ya yi magana da maza, mace da mata. Ba a shiga soyayya da sunan bishara. Ba a haɗa taimako da sharaɗi: buhun hatsi, kuɗin magani, gurbin aiki, duk a ba mabukaci ko ya saurara ko bai saurara ba. Zargin da aka fi yi mana shi ne muna sayen mutane da kuɗi, kuma duk wanda ya ba da jika biyar yana jiran a zo majami'a ya gaskata zargin. Wa'azin fili da lasifika ko raba takardu a kasuwa, dokar da ta tsara harkar ibada ta 2019 ta sa irin waɗannan a ƙarƙashin idon hukuma, don haka ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai shugabannin ikilisiya sun bi hanyar izini.

Mataki na bakwai: idan wani ya ce yana son ya ƙara sani

Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka yi shela. Ba a ɗaukarsa hoto, ba a ambaton sunansa a taron addu'a, ba a rubuta labarinsa a aika wa masu tallafi a waje. Labarin nasa ne, shi zai zaɓi ranar faɗa da wanda zai faɗa wa. Ku riƙa karatu tare ku biyu, sura ɗaya a zama, a wurin da shi ya zaɓa. Bayan kowane karatu tambaya uku sun isa: me wannan ya nuna game da Allah, me ya nuna game da mutum, me zan yi da shi.

Ka gaya masa tsadar abin tun da wuri, kamar yadda Yesu ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). A garin nan mai bin Almasihu daga gidan Musulmi yana iya rasa ɗakin kwana, da jarin da mahaifinsa ya ba shi, da gado, wani lokaci dangin matarsa su zo su ɗauke ta da yara. Ɓoye masa wannan zalunci ne. Ita ma ikilisiya ta yi nata lissafin: wa zai ba shi masauki, wa zai koya masa sana'a, gidan wa zai ci abinci ranar Salla da kewar gida za ta kama shi? Idan ba mu da amsa, ba mu shirya karɓarsa ba.

Ka ƙarfafa shi ya ƙara yi wa iyayensa biyayya fiye da da, ya ci gaba da kai cefane, ya je gona da damina, kada ya canza suna ko sutura, kada ya raina sallar mahaifiyarsa. Baftisma ba taka ba ce kai kaɗai, shawarar fasto da dattawa ce tare da shi, bayan koyarwa mai tsawo, kuma sai baligi mai hankalin kansa. Idan a tsakiyar hanya ya ce ya fasa, ka sake shi da alheri, asirinsa kuma ya mutu a cikinka. Wanda ya ce tun farko ba ya son maganar, ka daina, gaisuwa da zumunci su ci gaba yadda suke.

Idan magana ta ɓaci, aka fara cewa ka yi ɓatanci ko kana juya yaran mutane, kada ka tsaya kare kanka a Facebook ko a gaban taro. Ka sanar da fastonka nan take. Ku je wurin mai unguwa tare da dattijo Musulmi da ya san halinka, a nemi limamin unguwa a zauna. Shugabannin ikilisiya su tuntuɓi malaman da suke zama da su a tattaunawar addinai, in abin ya girma a kai shi fadar Sarki da wurin hukuma. Idan ka ga alamar taro na haɗuwa, ka fitar da iyalinka zuwa gidan da kuka riga kuka shirya, kada ka tsaya tsaron kaya. Lambobin fasto, da mai unguwa, da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka rubuta su a takarda, kowane babba a gidan ya san inda take, don a irin wannan rana waya kan mutu ko layi ya ɗauke.